Ziky Kofoworola da Tarihin Wasa Mai Kiɗa a Hausa: Gwaji a Kan Kafanchan da Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi sawun nazarin wasan kwaikwayon Hausa zai tarar da cewa an fi ba da tarihinsa a matsayin tarihin littattafai. Akan faro daga Six Hausa Plays na R. M. East a shekarun 1930, a biyo ta kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, a dire a kan Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A ɗaya ɓangaren kuma, manazarta waƙar baka sukan ɗauko waƙar makaɗi daga faifai, su juye ta a takarda, su feɗe jigonta da salonta tamkar rubutacciyar waƙa. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu akwai abin da yake zubewa ƙasa, wato kiɗa da rawa da shiga da amshin 'yan kallo, alhali kuwa su ne suke mayar da magana ta zama wasa a dandali.

Ziky Kofoworola yana cikin manazartan da suka yi ƙoƙarin tsince abin da ya zube. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna gudummawarsa a matsayinsa na matarkin wasa kuma mai bin tarihin wasannin da kiɗa yake tafiyar da su, ta nuna inda ya yi fice da inda ya tsaya, sa'an nan ta gwada ma'auninsa a kan wani yanki da ake wasa da waƙa cikin Hausa dare da rana amma ba kasafai sassan nazarin Hausa suke leƙa shi ba, wato Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna.

2.0 Zariya a Lokacin Kofoworola

Ba za a fahimci aikin Kofoworola ba sai an dubi Jami'ar Ahmadu Bello ta shekarun 1970 da 1980. A lokacin akwai rassa biyu da suke hidimar wasa. Reshe na farko shi ne na masu koyar da wasan kwaikwayo irin su Michael Etherton da Brian Crow, waɗanda suka yi aiki a dandalin nan na ginin ƙasa da Steven Ehrlich ya tsara bisa fasalin gidan Bahaushe, suka kuma fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo domin shirya wasa tare da manoma. Daga wannan reshe ne Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka fito. Reshe na biyu shi ne Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, wadda take da ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa tata, kuma aikinta ya haɗa bincike da shirya wasa. A nan Kofoworola ya yi aiki kafin daga baya ya koma Jami'ar Ilorin, inda ya kai matsayin farfesa a sashen fasahar wasanni.

Zamanin kuma zamani ne da gwamnati take zuba kuɗi a kan al'ada. A 1975 aka buga wasan Shaihu Umar wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsamo daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim, a 1977 kuma aka yi bikin FESTAC a Legas tare da babban hawan daba a Kaduna. Wannan yanayi ya buɗe wa manazarta ƙofa, amma ya zo da sharaɗinsa: kowace al'umma ta fito da "al'adarta ta gargajiya" a ware, da sunanta a kai, kamar yadda ake jera kaya a rumfar baje koli. Za a ga tasirin wannan sharaɗi a gaba.

3.0 Gudummawarsa

Ayyuka biyu ne suka fi tsayar da sunan Kofoworola a wannan fage. Na farko shi ne babin da ya rubuta a kan sigogin wasan kwaikwayon Hausa na gargajiya a cikin Drama and Theatre in Nigeria, wanda Yemi Ogunbiyi ya tattara a 1981. Na biyu shi ne Hausa Performing Arts and Music na 1987, wanda ya wallafa tare da Yusef Lateef a ƙarƙashin Nigeria Magazine.

Littafin Ogunbiyi ya fito ne a tsakiyar wata muhawara. Tun a 1970 Ruth Finnegan ta nuna cewa wasan kwaikwayo bai bunƙasa ba a adabin bakan Afirka kamar yadda waƙa da zube suka bunƙasa. M. J. C. Echeruo ya ga cewa bukukuwan Ibo ba su cika wasan kwaikwayo ba muddin labari bai fito fili daga cikin tsafin ba, Ossie Enekwe kuma ya mayar masa da martani cewa ma'aunin Girkawa ne aka ɗora wa abin da ba na Girkawa ba. A cikin wannan littafi ne Andrew Horn ya ɗauki bori ya rarrabe tsakanin ibada da wasan kwaikwayo da abin kallo. Muhimmancin Kofoworola a nan shi ne ya shigar da ƙasar Hausa cikin muhawarar da hujjojinta na kanta. Wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da hakimansa a gabansu, da kalankuwa, inda samari suke naɗa sarautunsu bayan kaka, da tashen watan azumi, da 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai da zancen abinci, duk suna da ɗan wasa da abin da yake kwaikwaya da mai kallo wanda ya san kwaikwayo ake yi. Da waɗannan misalai, zancen cewa Turawan mulki ne suka kawo wa Bahaushe wasan kwaikwayo ya rasa madafa.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne ƙin raba wasa da kiɗa. A tsarin Bahaushe kowane wasa da makaɗinsa: kalangu ga dambe da mahauta, garaya da goge ga bori, gambara ga 'yan gambara, ƙwarya ga amada. A bori, kowane iska da takensa, kuma sai an kaɗa taken ne yake hawa. A dambe, kiɗa da kirari su ne suke fito da ɗan wasa fili. Ke nan kiɗan shi ne yake buɗe fage, ya kira ɗan wasa, ya sanar da 'yan kallo wanda ya shigo, ya kuma rufe. Wanda ya cire shi ya cire ƙashin bayan wasan.

A nan ne haɗuwarsa da Lateef ta yi ma'ana. An haifi Lateef a Chattanooga ta Amurka a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta, ya yi busa tare da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, ya sami digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts a 1975. Ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar, inda ya mai da hankali a kan sarewar Fulani, ya rasu a 2013. Mutum ne da ya ƙi yarda a kira kiɗansa da sunan jaz, domin yana ganin sunan da wani ya laƙaba yana iya ƙuntata abin da aka laƙaba wa. Samun mabushi irinsa, mai kunnen da ya saba da kayan kiɗa na ƙasashe da yawa, ya ba littafin abin da David Ames da Anthony King suka fara a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, wato ɗaukar kayan kiɗa da masu kaɗa su da muhimmancin da ake bai wa kalmomin waƙa.

4.0 Inda Aikin Ya Tsaya

Duk da haka akwai gyara a wurare huɗu.

Na farko, aikin ya rabu gwargwadon ƙwarewar marubutansa, ɗaya yana riƙe da wasanni, ɗaya yana riƙe da kiɗa. Ta haka rabuwar da aka fito yaƙa ta sake dawowa ta bayan gida. Abin da ake bukata shi ne a ɗauki wasa guda, a rana guda, a bi shi daga farkon kiɗa zuwa watsewar taro, a nuna inda sauyin kiɗa ya sauya abin da ɗan wasa yake yi.

Na biyu, rabe-rabe ya rinjayi tarihi. Jera wasanni aji-aji yana da amfani ga ɗalibi, kuma hanya ce da manazarta Hausa suka saba da ita, kamar yadda ake gani a aikin Abdulƙadir Ɗangambo na 1984 a kan rabe-raben adabi. Amma kalmar "gargajiya" takan sa a ɗauka cewa wasa yana nan yadda yake tun fil azal. Bori na bayan jihadin 1804 ba ɗaya yake da na gabaninsa ba, haka kuma wanda aka hau a gidan magajiya ya bambanta da wanda aka shirya wa baƙi a dandalin gwamnati. Masanin tarihin wasa aikinsa ne ya faɗi wanda ya biya makaɗi, da wanda ya hana, da shekarar da abin ya sauya.

Na uku, an yi aikin da Ingilishi. Wannan ya kai shi ga masu karatu a Ibadan da Landan, amma ya nisanta shi daga azuzuwan da ake koyar da wasan kwaikwayo da Hausa, inda Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988 ya zama madogara. Sakamakon haka sai aka sami zuriya biyu ta manazarta a jami'a ɗaya, masu karanta littafin wasa a sashen harsuna da masu kallon wasa a sashen wasanni, kowa yana cin tuwonsa shi kaɗai.

Na huɗu, wanda shi ne ya fi nauyi, ya shafi kalmar "Hausa" da take kan bangon littafin. Nauyin aikin ya faɗa ne a kan ƙasar Hausa ta asali, da fadojinta da ƙauyukanta. Wannan ba laifi ba ne ga aikin share fage. Sai dai ya bar tambaya a buɗe: wasan Hausa shi ne wanda Bahaushe ya yi, ko kuwa wanda aka yi da harshen Hausa? Kafanchan ita ce wurin da wannan tambaya ba ta kaucewa.

5.0 Gwaji a Kan Kafanchan

5.1 Gari da Harshensa

Kafanchan ta bunƙasa ne da jirgin ƙasa. A wajajen 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da wanda ya hau Jos, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da arewa suka cika ta. A farkon shekarun 1930 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikinta. Kewaye da ita akwai al'ummomi masu harsunansu, waɗanda Hausawa suka san su da wasu sunaye su kuma suke kiran kansu da wasu: Kaje su ne Bajju, Kataf su ne Atyap, Jaba su ne Ham, Kagoma su ne Gwong, Kaninkon su ne Nikyob, mutanen Kafanchan na asali kuma Fantswam. Harshen da ya haɗa waɗannan duka a kasuwa da tasha shi ne Hausa. Mishan ta SIM, wadda ta kafa tashoshi a Kwoi da Kagoro, ita ma da Hausa ta yi wa'azi da koyarwa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Ikilisiyar ECWA da aka kafa a 1954 ta gaji wannan tsari.

5.2 Wasanni Uku a Ƙasa Ɗaya

Idan aka ɗauki ma'aunin Kofoworola, wato ɗan wasa da kwaikwayo da kiɗa da mai kallo, aka shiga da shi wannan yanki, za a ci karo da aƙalla nau'i uku.

Nau'i na farko shi ne wanda littafin 1987 zai gane nan take: tashen yara a unguwannin Hausawa da Fulani cikin azumi, da hawan salla na Sarkin Jama'a da algaita da tambari da kirarin maroƙa. A nan ma'aunin ya zauna daram.

Nau'i na biyu shi ne na al'ummomin yankin da harsunansu, kamar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da Tuk-Ham na Kwoi, da abin da Atyap suke kira Abwoi, Hausawa kuma suke ce wa dodo. Waɗannan ba wasannin Hausa ba ne, kuma kuskure ne babba a haɗiye su a cikin sunan Hausa. Amma manazarcin harshe zai lura cewa sanarwa da gaishe-gaishen baƙi da wasu jawabai a irin waɗannan taruka sukan fito da Hausa, domin a nan ne maƙwabci yake jin maƙwabcinsa. Ita kanta kalmar dodo, wadda ta tattara abubuwa mabambanta na al'ummomi da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya mai ban tsoro, abar nazari ce.

Nau'i na uku shi ne wanda ya fi gwada ma'aunin, wato waƙoƙin Zumuntar Mata da wasannin coci na Kirsimeti da Ista. Ƙungiyar Zumunta takan fito da zane iri ɗaya, ta shigo a jere da taku ɗaya, da mai ba da waƙa da masu amshi, da tulu da ake bugawa a baki da ganga da kacau-kacau. Waƙar takan ɗauki labari daga Littafi Mai Tsarki ko daga zaman gida, kamar miji mashayi ko ɗiyar da ta ƙi makaranta, a rera shi da nuni da hannu da sauya murya, jama'a suna amsawa da guɗa da baiko. A wasannin matasa kuma akan kwaikwayi Hirudus da fadawansa da rawani da babbar riga da kirari, wato a ari siffar fadar Hausa a nuna sarautar Yahudiya. Duk abin da Kofoworola ya nema a wasa yana nan, kuma da Hausa ake yin sa. Ta fuskar tsari, tazarar da take tsakanin wannan da amadar Barmani Choge ba ta da yawa: mata ne, da jagora da amshi, da kayan kiɗan da aka ɗauko daga kayan aikin gida, da gargaɗi cikin raha. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan amada a sassan Hausa, amma Zumunta ba ta sami kwatankwacin wannan kulawa ba. Barbara Cooper, wadda ta yi nazarin Kiristocin Maraɗi a littafinta na 2006, daga fagen tarihi ta zo.

5.3 Batun Karin Harshe

Dalili ɗaya da yake hana manazarta kusantar waɗannan waƙoƙi shi ne ganin cewa Hausarsu ba daidaitacciya ba ce. Gaskiya ne akan ji baƙaƙe masu ƙugiya sun koma marasa ƙugiya, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, akan kuma ji jinsi ya ɓace, a ce "ya zo" ga mace, ko a ce "rigan" maimakon "rigar". Sai dai na ƙarshen nan ana jin sa har a karin Zazzau da na Bauchi, ba wanda kuma ya kore su daga Hausa saboda shi. Bugu da ƙari, wannan Hausa tana da rumbun kalmominta, irin su bishara da sujada da ikilisiya da baiko da Mai Ceto, waɗanda da yawansu Larabci ne asalinsu, aka ba su sabuwar ma'ana. Ga mai nazarin waƙa akwai tambaya ta musamman: yaya karin sautin Hausa yake zama a kan muryar waƙar da aka gada daga Bajju ko Ham, ko kuwa daga littafin waƙoƙin mishan? Wannan tambaya ce da take bukatar masanin harshe da makaɗi su zauna a tabarma ɗaya, irin zaman da Kofoworola da Lateef suka fara.

6.0 Abin da Yake Cikin Lamarin

A watan Maris na 1987, shekarar da littafin ya fito, rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992 aka yi na Zangon Kataf. Tun daga lokacin kalmar "Hausa" a kudancin Kaduna ta ƙara ɗaukar nauyin siyasa da addini, har ya zama mutum yana iya yin addu'a da ciniki da waƙa da Hausa alhali ba ya son a danganta shi da sunan. Nazarin adabi ba ya kashe wutar rikici, kuma ba a nan ake da'awar haka ba. Amma idan manazarta suka taƙaita wasan Hausa ga abin da ake yi a birane masu ganuwa, to sun sa hannu a kan iyakar da rikici ya shata, sun kuma hana fagensu ɗimbin masu magana da harshen. Darasin yana cikin littafin kansa: mutum biyu da ba a ƙasar Hausa asalinsu yake ba, ɗaya ma daga hayin teku, su ne suka rubuta shi, ba wanda kuma ya ce ba aikin Hausa ba ne.

Har wa yau, rashin cikakken tarihin wasa mai kiɗa ya bayyana lokacin da fina-finan bidiyo suka taso a Kano daga Turmin Danya na 1990. Da waƙa da rawa suka mamaye su, muhawara ta karkata ga tasirin Indiya, wanda Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu suka yi bayaninsa da hujjoji. Tasirin gaskiya ne, amma da an riƙe zaren Kofoworola da an tambayi wani abu kuma: wane shiri ne 'yan kallo suke da shi tun daga dandali da tashe wanda ya sa labari mai tsayawa a yi waƙa bai zame musu baƙo ba?

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Ziky Kofoworola ya yi wa nazarin Hausa hidima ta hanyoyi biyu: ya tabbatar da cewa kwaikwayo ya girmi littafin wasa a ƙasar Hausa, ya kuma dage a kan cewa kiɗa ginshiƙin wasan ne. Ta nuna kuma cewa aikin ya tsaya a kan rabe-rabe, da Ingilishi, da iyakar ƙasar Hausa ta asali. Gwajin Kafanchan ya bayyana cewa ma'aunin nasa ya fi iyakar da aka yi amfani da shi faɗi, domin ya kama waƙar Zumunta kamar yadda ya kama wasan gauta.

Saboda haka ana ba da shawara uku. A fassara littafin 1987 zuwa Hausa tare da daidaita kalmomin fannu. A ɗauki wasannin Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa da sauti da hoto, a rubuta su yadda aka furta su ba tare da gyara musu kari ba, da izinin masu su da sunayen da suke kiran kansu. A kuma buɗe wa ɗaliban Hausa da suka fito daga wannan yanki ƙofar rubuta kundayensu a kan abin da suka tashi suna ji a gida, domin su ne suka san harsunan biyu da suke haɗuwa a cikin waƙar.